Koyon Tallan Intanet: Me Ya Sa Wasu Ke Shafe Shekara Suna Kallon Darussa Ba Su Sayar Da Ko Allura Ba?

Akwai wani irin matashi da ake yawan samu yanzu, a Kano ne ko Kaduna ko Jos. Wayarsa cike take da bidiyon darussa da ya sauke bai kalla ba. Yana cikin guruf-guruf na WhatsApp sama da goma, ga tashoshin Telegram da shi kansa bai san adadinsu ba, duk na koyon neman kuɗi a intanet. Idan aka zauna hira da shi zai yi ta jero sunayen abubuwa har kan mutum ya ɗaure: tallan Facebook, dillancin kayan wasu, tallan imel, yadda ake sa shafi ya fito a binciken Google, sirrin TikTok. Amma da an tambaye shi me ya sayar a wata takwas ɗin nan, sai ya sosa ƙeya ya ce akwai wani kwas da yake so ya ƙarasa tukuna.

Ba lalaci ke damunsa ba. Sau da yawa ma ya fi waɗanda suka fara sayarwa wahala, don shi ne ke raba dare yana jiran datar dare mai araha ya sauke sabon darasi. Yana kashe kuɗin data, wanda tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025 ba ƙaramin abu ba ne. Yana biyan kuɗin kwas, wani lokaci da rance. Asarar da ta fi waɗannan ita ce ranar da ya gaji ya yanke hukuncin cewa harkar gaba ɗaya ƙarya ce, ko kuma shi ne ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali bai taɓa gwada abu ɗaya har ƙarshe ba.

Masu koyon rubuta manhaja sun san wannan ciwon sosai. Mutum ya kalli darasin Python, kafin ya kai rabi ya ji an ce JavaScript ce ke ci, ya koma can, shekara ta zagayo bai gina ko ƙaramar manhajar lissafi ba. Sai dai a fannin talla abin ya fi muni, kuma akwai dalili.

Ɗalibin shi ne kasuwar

Wanda ke koyar da gyaran waya gyaran waya ya iya. Wanda ke koyar da talla kuwa talla ya iya, kuma mutum na farko da yake gwada gwanintarsa a kai shi ne ɗalibin. Duk wanda bai gane wannan ba zai daɗe yana zagaye wuri ɗaya.

Tun a 1971, kafin a san da wayar hannu, masanin nan ɗan Amurka Herbert Simon, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya yi bayanin cewa bayanai ma suna da abin da suke ci, wato hankalin mai karɓarsu. Saboda haka duk inda bayanai suka yi yawa, hankali ne zai yi ƙaranci. A yau ana ɗora sama da awa 500 na bidiyo a YouTube a kowane minti ɗaya. Idan aka lissafa, abin da ake ɗorawa a yini guda zai ɗauki mutum kimanin shekara 82 yana kallo ba barci ba hutu. Ke nan maganar sai na gama koyo sannan in fara ba ta ma taso ba, don ba a gamawa.

Su ma manhajojin ba don mutum ya gama ya tashi aka gina su ba. A 2018 Neal Mohan, wanda yanzu shi ne shugaban YouTube, ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na lokacin da mutane ke ɓatawa a dandalin yana tafiya ne a kan bidiyon da tsarin ya zaɓo musu da kansa. Wato mutum ya shiga da niyyar koyon yadda ake saita talla ɗaya, tsarin ya lura yana son irin wannan batu, sai ya jero masa wasu ashirin a gefe, kowanne da take mai tayar da hankali. Shafin da ba ya ƙarewa komai yawan jan da aka yi masa, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Aza Raskin a 2006, shi kansa mai shi ya fito daga baya yana nuna nadama. Kafin zuwansa, shafi yana da ƙarshe, kuma a ƙarshen nan ne mutum ke samun damar tambayar kansa ko ya isa haka.

A kan wannan sai mai sayar da kwas ya ɗora nasa ginin. Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina, masu harkar suna kiransa mazurari saboda baki mai faɗi ne a sama, ƙasa kuma a tsuke. Da farko gajeren bidiyo mai hoton alat na banki. Daga nan gayyata zuwa ajin kyauta a guruf na kwana uku. A ajin za a yi bayanin abin da ake samu da dalilin da ya sa ya kamata a shiga, amma yadda ake yi sai a ajiye shi a bayan ƙofa. Daren ƙarshe a faɗi farashi, a ce an rage shi amma zuwa ƙarfe goma sha biyu kawai, kuma gurbi ashirin ya saura. Wanda ya biya, bayan mako biyu zai ji akwai babban aji na manya.

Sannan ga dillalai. Da yawa daga cikin masu yabon wani kwas a sitatus ɗinsu la'ada suke karɓa a kan duk wanda ya saya ta hannunsu, wani lokaci har rabin kuɗin. Dillanci sana'a ce, ba laifi ba ne, a Kantin Kwari ma ana yi. Amma mai saye a Kwari ya san da dillali yake magana. A intanet kuwa sai ya ɗauka shawarar aboki ce. Akwai ma kwasa-kwasan da abin da suke koyarwa kawai shi ne yadda za a sayar wa wani kwas ɗin, shi ma ya sayar wa wani. Idan aka bi diddigi babu atamfa, babu takalmi, babu wani aiki da aka yi wa kowa.

Wannan ba yana nufin duk mai koyarwa da kuɗi macuci ne ba. Akwai na kirki, kuma ilimi mai tsari ya cancanci a biya shi. Abin lura dai shi ne ɗalibin da hankalinsa ya kwanta, yana aiki da abin da ya koya, ba ya sayen sabon kwas. Wanda ke saye shi ne mai jin cewa an bar shi a baya. Don haka duk mako sai an samu wanda zai fito ya ce tallan Facebook ya mutu, ko imel ya mutu, ga sabuwar hanya. Tambaya ɗaya tana tace da yawa daga cikinsu: ban da kwas, me wannan malamin ya taɓa sayarwa?

Abin da tsalle-tsalle ke yi wa ƙwaƙwalwa

Duk mai ƙaramar waya ya san abin da ke faruwa idan ya buɗe manhajoji da yawa a lokaci guda. Ya bar Chrome ya leƙa WhatsApp, kafin ya dawo shafin ya sake lodi daga farko, don wurin ajiyar wucin gadi ya cika, wayar ta zubar da abin da ke ciki. Ƙwaƙwalwar mutum ba waya ba ce, amma misalin ya yi kusa. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙale a na farkon, sai na biyun ya samu ragowa. Ita kuma Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da mutane ke tsayawa a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin su sauya. A 2004 kimanin minti biyu da rabi ne. A 'yan shekarun nan ya sauko zuwa kimanin daƙiƙa 47.

Akwai kuma yaudarar da kallo ke yi. Idan malami yana danna maɓallai a bidiyo komai yana tafiya daidai, mai kallo sai ya ji ai ya iya. A wani gwaji da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006, ɗaliban da suka yi ta maimaita karatu sun fi amincewa cewa za su tuna, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su rufe takarda su faɗo abin da suka karanta ne suka fi tunawa. Haka mai koyon talla yake. Ranar da ya buɗe shafin saita talla da kuɗinsa a ciki, ranar ce zai san ko ya iya ko ganewa kawai yake yi idan ya gani.

Ilimin da ke ruɓewa

Babban abin da ke rage wa mai koyo nauyi shi ne ya gane cewa darussan talla kashi biyu ne, kuma kashin da ya fi yawa kamar tumatir yake, ba ya ajiyuwa.

Kashin farko shi ne ilimin maɓalli da dabara: ina ake dannawa, wace ƙa'ida kamfani ya sa, wace kafa ake bi a zagaye ta. Wannan a hannun kamfanoni yake, kuma suna canza shi ba tare da shawarar kowa ba. Shekaru da dama ana koyar da cewa kada rubutu ya wuce kashi 20 cikin 100 na hoton tallan Facebook, har da manhajojin aunawa, sai kamfanin ya janye dokar a 2020. A watan Janairun 2018 Facebook ya sauya tsarinsa ya fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kasuwanci, masu shafukan da suka sha wahalar tara mabiya suka wayi gari kaɗan ne ke ganin kayansu. A watan Afrilun 2021 Apple ya fitar da iOS 14.5, wanda ya tilasta wa manhajoji neman izini kafin su bibiyi mai iPhone, kuma Meta da bakinsa ya ce hakan zai ja masa asarar kimanin dala biliyan 10 a 2022. Dabarun saita talla da yawa da aka sayar a kwas kafin lokacin sun rage aiki. A ranar 1 ga Yulin 2023 tsohon Google Analytics ya daina karɓar bayanai, aka koma GA4 mai fuska daban gaba ɗaya. Google+ kuwa, da aka yi ta rubuta littattafan yadda ake talla a kansa, an rufe shi a Afrilun 2019.

Abin takaicin shi ne tsofaffin darussa ba sa sauka daga intanet. Har yau akwai masu koyar da cusa kalmomin bincike a wani ɓoyayyen layi na shafi wai don Google ya ɗaga shi, alhali tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya duba wannan layin. Mai sauke darasi ya ajiye don wata rana, tumatir yake tarawa a ɗaki. Irin wannan ilimi ranar da za a yi aiki da shi ake nemansa, kuma daga tushe: Meta yana da darussansa na kyauta a Meta Blueprint, Google yana da Skillshop, ga kuma shafukan taimako nasu da ake sabuntawa duk lokacin da aka yi canji. Da Turanci suke, kuma ba su da armashi irin na mai nuna alat, amma ba sa ƙarewa da neman lambar asusu.

Kashi na biyu shi ne ilimin mutum: wa ke buƙatar kayan nan, me ke damunsa, me zai sa ya yarda da wanda bai taɓa gani ba har ya tura masa kuɗi, nawa aka kashe kafin a samo shi. Wannan ba ya tsufa. Matakai huɗun da kusan kowane kwas ke koyarwa da sabon suna, wato jawo hankali, tayar da sha'awa, sa mutum ya ji yana so, sannan a ce masa ga abin da zai yi, ana danganta su ga wani Ba'amurke Elias St. Elmo Lewis tun 1898. Gwada talla biyu a ga wanda ya fi kawo ciniki, da ake yi wa kallon fasahar zamani, Claude Hopkins ya yi bayaninsa a littafinsa Scientific Advertising a 1923. Shi takardar yanka yake sawa a jarida, kowace da alamarta, idan mai saye ya aiko da ita sai a san daga wace talla ya zo. Mai tallan maganin gargajiya da lasifika a bakin kasuwa ma matakan nan huɗu yake bi, bai taɓa jin sunan Lewis ba.

Ilimin nan na biyu ba shi da yawa. Littafi ɗaya mai kyau ko kwas ɗaya mai tsari ya isa a ji shi. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne iya shi, kuma wannan sai da kwastoma na gaske.

Kaya ɗaya, kafa ɗaya, lamba ɗaya

Mai koyon da ba shi da abin sayarwa ba shi da matacin da zai tace bayanai, don haka komai yana da muhimmanci a wurinsa daidai wa daida. Da zarar ya samu kaya, kashi mafi yawa na darussan da ke wayarsa sun daina shafarsa. Ba sai yana da jari ba. Yayarsa tana ɗinki, maƙwabcinsa yana da shagon kayan waya a Farm Centre, wani abokinsa yana gyaran sola. A cikinsu akwai wanda zai yarda a tallata masa a kan la'ada.

A ɗauka wata matashiya ce ke sayar da turaren wuta, tana cin ribar naira 2,500 a kowace kwalba. Ta zaɓi kafa ɗaya: talla a Facebook da Instagram mai maɓallin da ke kai mutum kai tsaye WhatsApp ɗinta. Ta ware naira 3,000 a rana na mako ɗaya, jimla 21,000, ban da harajin kashi 7.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan tallan Meta a Najeriya tun farkon 2022, wanda sababbi kan manta da shi a lissafi. A ƙarshen mako mutum 70 sun yi mata magana, 7 sun saya. Kowane saƙo ya tsaya mata a naira 300, kowane mai saye a naira 3,000. Ribarta 17,500 ce, ta kashe 21,000. Ta faɗi da 3,500.

A nan ne hanya ke rabuwa. Wadda ke cikin guruf goma za ta je ta ba da labari, a ba ta amsa goma: koma TikTok, ai sai da shafin yanar gizo, kin saita wa mutanen da ba su ba, sayi wannan kwas ɗin. Ta bar abin da ta fara, ta koma sifili a wata kafar. Wadda ta tsaya kuwa za ta kalli lambobin ta ga cewa tallar ta yi aikinta, tunda ta kawo mutum 70 har bakin ƙofa. Inda ruwan ke zuba shi ne cikin hirar, mutum 63 sun shigo sun fita. Sai ta koma ta karanta hirarrakin ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila ta tarar rabinsu sun tambayi farashi ne da daddare ba ta amsa ba sai washegari da azahar. Wataƙila da ta faɗi kuɗin aikawa zuwa Abuja ake yin shiru. Wataƙila tambayar da ke ta dawowa ita ce yaya za a yi in yarda ba za a cinye min kuɗi ba. Kowanne da maganinsa daban: saƙon amsa na kai tsaye da kundin kaya mai farashi, waɗanda WhatsApp Business ke bayarwa kyauta, ko haɗa kuɗin aikawa cikin farashi tun a talla, ko ɗan bidiyon kaya ana ba direba a tasha tare da shaidar waɗanda suka karɓa, da izininsu.

Idan ta gyara wannan kaɗai, masu saye suka tashi daga 7 zuwa 10 a kan kuɗin talla iri ɗaya, ribar ta zama 25,000, ta fita daga faɗuwa ta koma cin 4,000. Ba a ma yi maganar wadda turaren ya yi mata daɗi ta dawo wata mai zuwa ba tare da an sake biyan ko sisi a kanta ba. Darasin da take buƙata a wannan makon guda ɗaya ne, yadda ake amsa mai tambaya har ya saya, kuma minti ashirin ya ishe ta nemo shi. Lambar ce ta zaɓa mata darasi.

Masu rubuta manhaja suna da wata ƙa'ida idan suna farautar kuskure: abu ɗaya ake canzawa a sake gwadawa. Wanda ya canza layi biyar a lokaci guda, ko manhajar ta tashi bai san wanne ne ya gyara ta ba. Talla ma haka take. Idan aka canza hoto da rubutu da farashi da garuruwan da ake nunawa duk a rana ɗaya, sakamakon ba ya koyar da komai. Ƙari a kan haka, shi kansa tsarin Meta yana da lokacin koyo. Yana buƙatar sakamako kimanin 50 a cikin mako kafin ya daidaita a kan irin mutanen da zai riƙa nuna wa tallar, kuma duk babban gyaran da aka yi yana mayar da shi farko. Ke nan wanda ke taɓa tallarsa duk lokacin da ya kalli sabon bidiyo, da kuɗinsa yake hana na'urar koyo, kamar yadda ya hana kansa.

Nawa ne lokacin da ya kamata a ba kafa ɗaya? Babu wata lamba da aka saukar, amma wata uku ma'auni ne mai kyau ga mai ƙaramin kasafi, don a ciki zai ga ƙarshen wata da tsakiyarsa, ya ga makon da mutane ke da kuɗi da wanda ba su da shi. Kafar da za a zaɓa kuma ita ce inda masu sayen kayan suke zama, ko da ba ita ake yayi ba. Mai tallan gyaran sola ga masu shaguna da mai sayar da lalle ga 'yan mata ba wuri ɗaya za su je ba.

Ga mai son ganin abin da wasu ke yi ba tare da ya faɗa ramin bidiyo ba, akwai Meta Ad Library. Kyauta ne, ana zaɓar Najeriya a rubuta sunan kaya ko na shafi, sai ya nuno tallan da ke gudana a lokacin da ranar da kowacce ta fara. Tallar da ta shafe watanni tana gudana akwai alamar tana biyan kuɗinta, don ba kasafai ɗan kasuwa ke ci gaba da zuba kuɗi a rami ba. Rabin awa a nan ya fi awa biyar na sauraron wanda ke ba da labarin talla.

Gyaran wayar kanta

Niyya kaɗai ba ta isa ba idan wayar tana ƙara duk bayan minti biyu. A galibin wayoyin Android na yanzu akwai Digital Wellbeing a cikin saituna, a iPhone kuma Screen Time. Abu na farko shi ne a buɗe a ga gaskiyar awannin da kowace manhaja ke ci, lambar takan ba mutum kunya. A nan ake sa wa manhaja iyakar lokaci, kuma a Android akwai Focus mode da ke dakatar da waɗanda aka zaɓa har a gama aiki. A YouTube a kashe kunna bidiyo na gaba da kansa. Wanda ya kashe tarihin kallo ya goge na baya, tun 2023 shafin farko yakan zama fayau ba bidiyo ko ɗaya sai wurin bincike, wato sai abin da mutum ya zo nema. A WhatsApp akwai saitin da ke hana kowa jefa mutum a guruf ba da izininsa ba, yana ƙarƙashin sashen sirri. Guruf-guruf ɗin koyo kuwa, ɗaya ya isa, wanda ake kawo lambobi na gaske a tattauna. Sauran fita ya fi sa su shiru, don wanda aka sa shiru ana leƙa shi.

Matsalar mai tallan intanet ita ce wurin aikinsa da wurin shagalarsa ɗaya ne. Ba zai iya goge Instagram ba tunda nan ne shagonsa. Abin da ke taimakawa shi ne raba asusu: na kasuwanci ba ya bin kowa sai abokan sana'a da kwastomomi, na hira kuma yana da lokacinsa. Sannan littafin rubutu na takarda, irin na 'yan makaranta. Duk sabuwar dabarar da aka ci karo da ita a rubuta ta a shafin baya a ci gaba da aiki. Ran Juma'a ko Lahadi a duba jerin. Yawancinsu a lokacin sun riga sun huce, wanda ya rage kuma ya jira a gama gwajin da ke hannu.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT sun shigo cikin wannan lissafi ta fuska biyu. Suna da amfani ga mai tambaya takamaimiya, misali ya liƙa rubutun tallarsa ya ce a ba shi wasu kanun guda uku ya gwada. Amma wanda ya ce a koya masa tallan intanet gaba ɗaya zai samu jerin abubuwa goma sha biyu a daƙiƙa biyar, ya koma inda ya fito. Kuma a kan wurin maɓalli da dokokin kamfani sukan kawo tsohon bayani da cikakken ƙarfin gwiwa, don haka shafin kamfanin ne alƙali.

Tsayawa a kafa ɗaya yana da haɗarinsa, kuma 'yan Najeriya sun ɗanɗana. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter, masu kasuwanci a can suka shafe wata bakwai a rufe ko a kan VPN. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare na kimanin awa shida. Ban da wannan, asusun talla yakan rufe ba gargaɗi. Maganin wannan a farkon tafiya bai kai buɗe kafa biyar ba. A shafukan gaba na wancan littafin, ko a Google Sheets, a riƙa rubuta duk wanda ya saya: sunansa, lambarsa, garinsu, abin da ya saya da ranar. A kuma roƙe shi ya ajiye lambar shagon, domin saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wanda ke ɗaukar mutum 256 a jeri guda, ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa. Kafa ta biyu kuma lokacinta shi ne sa'ad da mai kaya zai iya faɗin nawa kwastoma ɗaya ke tsaya masa a ta farko ba tare da ya duba littafi ba, kuma ribar da ke fitowa daga cikinta ce za ta biya kuɗin gwajin.